Tauraron da Inna Awadiyya Ta Tsaya Jira

Ranar Talata, 18 ga Muharram 1436, daidai da 11 ga Nuwamba 2014, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi abinSa. Hajiya Awadiyya Abdulƙadir, wadda mu matan Hausawan unguwar Abbasiya ta Alƙahira muke kira Inna, ta rasu a ɗakinta tana da shekara sittin da biyu, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Daga Allah muke, kuma can muka dosa dukanmu. An yi mata sallah washegari da hantsi, aka binne ta a wajen Alƙahira, nesa ƙwarai da garin da aka haife ta.

Inna, na daɗe ban iya rubuta wannan ba. Kowa ya ɗauka kuka ne ya hana ni. Kukan yana nan, amma gaskiyar magana fushi nake yi da ke, kuma ban san yadda ake yi wa mamaci ta'aziyya ana fushi da shi ba.

Duk wanda ya san ki ya san motarki. Tsohuwar Marsandi ce mai launin madara, ƙirar farkon shekarun 1980, irin wadda Misrawa ke kira Timsaha, wato kada. Ranar da na sauka ƙasar nan, a tsakiyar 2011, ina amarya mai bin mijinta Sagiru ɗalibin Azhar, ita na fara shiga. Na zaci wani dattijo zan tarar a gaba. Sai na ga wata 'yar gajeruwar mata cikin lafaya irin ta Sudan, ta ɗora matashi biyu a kujera don ta hango titi, tana zagin direban bas da Larabci ta taga, sannan ta juyo gare ni da Hausa mai daɗi: "Sannu da hanya, ya bitti, 'yata. Shigo, kar ki ji tsoro, ni da motar duk mun girmi hatsari." Ban daina salati ba har muka isa gida.

Daga baya na gane cewa babu wata matar Bahaushe a unguwar nan da ba ta zauna a bayan motar nan tana kuka ko tana dariya ba. Ke kike ɗauko amare daga filin jirgi. Ke kike kai masu ciki awo, ki tsaya musu tafinta a gaban likita, ki tsawata wa ma'aikatan da ke yi wa baƙar fata kallon banza. A watan Mayun 2012, lokacin da rikici ya ɓarke a Abbasiya aka rufe tituna, naƙuda ta kama ni da rana tsaka. Babu tasin da ya yarda ya shigo layinmu. Sagiru ya rasa abin yi sai kai da kawowa. Kin zo ta wasu lunguna da ban san mota tana iya bi ba, kin jiƙa gefen lafayarki da ruwa kin rufe min hanci saboda hayaƙin da aka harba, kina tuƙi da hannu ɗaya kina riƙe da ni da ɗayan. Da ba ki zo ba, ban san inda ni da ɗana muke yau ba.

Haka kuma ranar da jaririn Balki, matar wani ɗalibi ɗan Nijar, ya koma. Mijinta yana Zinder ya je ganin gida. Ke kika yi wa yaron wanka, kika naɗe shi, kika kai maza da gawar har maƙabarta, kika jira su a mota, sannan kika dawo kika kwashe Balki zuwa gidanki ta yi mako biyu. Ba ki taɓa ba wa kowa wannan labarin ba. Balki ce ta faɗa mana ranar zaman makokinki.

Labarin da kike so ki bayar shi ne na motar. Kin haddace tarihin kamfanin kamar jerin kakanninki, kuma duk daga bakin marigayi mijinki Malam Ishaq kika ɗauko. Idan muka maƙale a cunkoso, ko a layin mai na lokacin zafin 2013 da muka wuni muna shan shayinki na fulas, sai ki fara. Wani Bajamushe mai suna Benz ne ya ƙera keken da ke tafiya da inji a 1886, mutane suna yi masa dariya. Sunan Marsandi kuwa na 'yar wani dillali ne da ke sayen motocin. Tauraron nan mai ƙafa uku da ke tsaye a hancin motar yana nufin ƙasa da ruwa da sama. Sai ki bubbuga sitiyari ki ce, "Jamusawa ba su san a ƙera abu don ya mutu ba." Mun ji har mun haddace, har mukan riga ki ƙarasa jimlar, ki ce mana marasa kunya.

'Yarki Mahasin, wadda ta yi karatun haɗa magunguna, ita kaɗai take iya taka miki birki. Wata rana a gabana ta ce miki, "Yumma, ki riƙa faɗin duka. Lokacin yaƙin duniya na biyu an tilasta wa dubban mutane aiki a masana'antunsu, da yawa ba su fita da rai ba. Su da kansu sun amsa haka daga baya." Da muka wuce gada kika ce, "Allah Ya bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa." Kin ƙara wannan a labarin daga ranar, ko da yake kikan faɗe shi da sauri.

Na fi shekara ina shiga motar kafin na san abin da take nufi a wurinki. Ke 'yar Mai Wurno ce, can Sudan, bakin Shuɗin Nilu. Malam Ishaq yaron babbar mota ne lokacin da kika zaɓe shi, kuma yayyenki maza ba su ɓoye rainin da suke yi masa ba. Ranar da za ku taso zuwa Masar neman abinci, a 1978, babu wanda ya raka ku tasha sai yayarki Batul. A gabanta ya rantse ba zai mayar da ke garin ba sai a cikin Marsandi, ya tsayar da ita a ƙofar gidanku kowa ya fito ya gani. Ya yi shekaru yana tuƙi a wani kamfani a unguwar Mohandessin, har wani injiniya Bajamushe da zai koma gida ya sayar masa da tasa. Ya koya miki tuƙi a cikinta. Yana cikin shirin tafiyar ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a 1996. Kika gaji motar, kika gaji rantsuwar, alhali babu wanda ya ɗora miki.

Tun daga nan Batul take jira. Duk Juma'a kuna waya, nakan ji muryarta tana tambaya, "Yaushe?" Ke kuma kullum da amsarki. Bana Mahasin tana jarrabawa. Bana takardun mota ba su fito ba. Bana ƙasa ba lafiya. Babban dalilinki shi ne babu hanyar mota zuwa Sudan, sai dai a ɗora ta a kwale-kwalen kaya daga Aswan ta yi kwanaki a hannun mutanen da ba ki sani ba, kuma kin ce ba za ki rabu da ita ko na wuni ɗaya ba. Yayyen da suka yi wa Ishaq dariya duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Idon Batul ya fara dushewa, har ya rufe gaba ɗaya.

Mun yi faɗa a kan wannan, ni da ke, fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi da uwa. Na ce miki jirgin sama awa biyu ne zuwa Khartoum. Na ce miki waɗanda za ki nuna wa motar suna cikin ƙasa. Ranar da na ƙure ki, da labarinki na kama ki. Ke ce kike ba mu labarin matar Benz, wadda ta ɗauki keken nan mai ƙafa uku da 'ya'yanta biyu ba tare da ta sanar da mijin ba, ta yi tafiyar sama da kilomita ɗari, tana sayen mai a shagon magani, don kawai ta je ta ga mahaifiyarta. Na ce, "Inna, ita da ƙafa uku ta je gida. Ke da huɗu kina nan kina goge gilashi." Ba ki yi min magana ba har kwana uku. Da kika huce abin da kika ce kawai shi ne, "Ba don su ba ne, ya bitti. Na ji kunyar in shiga garin nan ba tare da Ishaq ba, kuma ba tare da abin da ya ce ba."

A ƙarshen watan Agustan bana aka buɗe mashigar Ƙustul tsakanin Masar da Sudan, motoci suka fara ƙetarawa da masu su a ciki. Kin zo gidana kina haki don hawa bene, kina dariya kamar yarinya. "Khalas, shi ke nan, an buɗe! Ki gaya wa mijinki ya nemo muku wata mai ɗaukar ku a mota, ni na tafi." Aka kai motar gareji, aka duba inji, aka sa sababbin tayoyi. Kika cika but da atamfofi, da turare, da man zaitun, da bargo mai laushi saboda Batul. Bakanike ya ce motar za ta kai Sudan ta dawo ba ta yi tari ba.

Saura abu ɗaya. Tun bara wasu yara suka ɓalle tauraron da ke hancin motar suka gudu da shi. A cikin gari ba ki damu sosai ba. Amma Mai Wurno, kin ce, ba za ki shiga da mota mai gundulmin hanci ba, don ba a san Marsandi ba sai da tauraronta. Sagiru ya sayo miki wani a kasuwar kayan mota, kika juya shi a hannu kika ce jabu ne, ya mayar. Wani ɗan Sudan da ke zaune a Jamus ya yi alkawarin zuwa da na asali bayan babbar sallah. Sallah ta wuce, ya ce sai sabon wata. Na roƙe ki, Mahasin ta roƙe ki har da kuka. Na ce miki Batul ba ta gani, ko tauraro goma kika sa ba za ta sani ba. Kika ce, "Gari yana gani." Wannan ce maganar ƙarshe mai tsawo da muka yi, kuma da ita nake kwana nake tashi.

Tauraron ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Mahasin ba ta ko buɗe kwalin ba. Ita da mijinta Hussain suka ɗauki motar yadda kika shirya ta, da kayan da kika jera da hannunki, suka kama hanya. Motar ta yi abin da kika yi shekaru kina faɗa a kanta: ta ratsa Aswan, ta ƙetara, ta bi hamada, ta isa Mai Wurno ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ban ji daɗin wannan labarin ba, Inna. Da ma ta lalace tun shekara ashirin da suka wuce, da kin hau jirgi kamar kowa.

Mahasin ta kira ni daga can. Ta ce sun tsaya a ƙofar gidanku, yara sun kewaye motar, amma babu babba ko ɗaya a layin da ya tuna wata rantsuwa. Aka riƙo hannun Batul aka fito da ita. Ta shafa ƙofa, ta ce a zaunar da ita inda kike zama. Ta lalubi sitiyari, ta sami wuraren nan biyu da tafin hannunki ya cinye har suka yi santsi, ta ɗora nata a kai. Ta sunkuya ta shinshini matashinki, wanda har yanzu yake ƙamshin humrarki. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta tambayi Mahasin, a hankali, ba da faɗa ba: "Wa ya ce mata mota nake jira?"

Amsar tana wurinki, Inna, kuma yanzu ba ki da hanyar ba ta. Abin da ya rage mana shi ne addu'a. Ya Allah, ga baiwarKa Awadiyya ta zo maKa baƙuwa, kamar yadda ta rayu baƙuwa. Ka karɓe ta fiye da yadda ta karɓe mu. Ka gafarta mata taurin kanta, Ka saka mata da kowace mace da ta kai asibiti da kowace gawa da ta raka. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka haɗa ta da Malam Ishaq a Aljannar Firdausi. Ni ma Ka cire min wannan fushin, Ka bar min ƙaunar kawai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mahasin da Hussain da 'ya'yansu, ga jama'ar Hausawan Sudan da ke Alƙahira, da mu matan ɗalibai da muka zama marayu rana ɗaya. Ta'aziyya mafi nauyi kuwa ga Yaya Batul a Mai Wurno, wadda ta raka ƙanwarta tasha shekara talatin da shida da suka wuce. Allah Ya ba ki haƙuri, Yaya. Allah Ya sada ku a inda babu sauran jira. Amin.

Humaira Sada Malumfashi
Abbasiya, Alƙahira
Disamba 2014