Sunan Farko a Katin Gaisuwa

Shekaranjiya na ga maigadin makarantar da nake koyarwa ya jera batura huɗu a kan katanga yana shanya su a rana. Na tsaya ina kallo har ya tsargu, ya fara yi mini bayanin cewa zafin rana yana ɗan farfaɗo da su. Na ce masa na sani. Ni ce mai shanya batir a gidanmu tun ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma har yau ban tabbatar ko dabarar tana aiki ba.

Baturan namu na rediyo ne, rediyon kuma na kakata ne, wadda ta haifi Inna. Gidanmu yana Yelwa, ba nisa da bakin ruwa, kuma sana'ar Kaka bandar kifi ce. Hayaƙi ya kama komai a gidan, tun daga tufafinmu har littattafan makaranta, shi ya sa ta ɗinka wa rediyon riga da guntun atamfa ta rataye shi a ƙusa a jikin rumfa. Ba ta yarda kowa ya murɗa shi ba. Labarai take ji, da wa'azi, da sanarwar rasuwa. Amma ranar Juma'a bayan la'asar takan bar mini shi na awa guda, saboda shirin gaishe-gaishe, bisa sharaɗin cewa shanyar batir ta zama aikina.

In ka taso da waya a hannunka, sai na ɗan yi maka bayani. Kati ake saya a wurin wani mai shagon kaset a bakin kasuwa. Ka rubuta sunanka da garinku, ka jera waɗanda kake gaisarwa, ka zaɓi waƙa, ka mayar masa. Shi yake tarawa ya ba direban da ke zuwa birnin da gidan rediyon yake. Wata mata ce take karantawa. Ba mu taɓa ganinta ba, amma muna sonta so na hauka. Mun san yadda take jan sunan gari, da irin dariyar da take yi idan rubutu ya gagare ta. 'Yan ajinmu sun sha raba gari a kan ko doguwa ce ko gajeruwa.

Mu masu sauraro muna da dokokin da ba wanda ya rubuta su. Wanda ya gaishe ka, ka rama. Sunan farko a kati na wanda ya fi kusa da ranka ne, sai fa idan an yi wa wani mai sauraro rasuwa, to shi ake sakawa a gaba na ɗan lokaci. Cire sunan wanda ka saba gaisarwa kuwa, babu cin fuskar da ya kai shi, domin duk ƙasar Yauri za ta ji babu shi. Na taɓa mantawa da sunan Kaka sau ɗaya. Ita da kullum take cewa shirin na marasa aikin yi ne, sai da ta yi kwana uku ba ta ajiye mini kan kifi ba.

A shagon kaset ɗin na haɗu da ƙawata. Wata siririyar yarinya ce baƙa, bakin zanenta a jiƙe, ta duƙa a kan benci tana cike kati bakwai a lokaci guda. Da ta gama ɗaya sai ta ɗaga shi ta karanta da muryar matar rediyo. Na ce mata ba haka matar take jan sunan garin “Wara” ba, na gwada mata. Ta ce nawa ne ba daidai ba. Muka yi ta yi har mai shago ya kore mu, muka ci gaba a waje.

Ashe innarta tana cikin matan da ke kawo wa Kaka kifi. Gungawa ne, suna zaune a wani ƙaramin ƙauyen masunta gaba da Wara, kuma ba sa zuwa Yelwa sai bayan wata guda ko biyu. Dalilin cike kati da yawa ke nan. Takan sa musu lamba, mai shago ya tura su gaba ɗaya, matar rediyo kuma ta riƙa karanta ɗaya duk mako, don ba a karanta wa mutum kati biyu a shiri guda. Ka riƙe wannan, domin ni da na fi kowa saninsa na manta da shi a lokacin da ya kamata in tuna.

Shekara biyu muka yi, ni ce farko a katinta, ita ce farko a nawa. In aka haɗa ranakun da muka ga juna ido da ido, ba su taka kara sun karya ba. Ranar da suka zo, iyaye suna can suna zaɓen kifi, mu muna bayan wurin banda da ludayi a baki muna gabatar da shiri. Ta fi ni iya muryar, yanzu zan iya faɗa. Ita ta ba ni labarin yadda babanta yake naɗe rediyonsu a leda idan zai shiga ruwa, da yadda take hawa kan wani kifaffen kwalekwale ranar Juma'a don a nan tashar ta fi kamawa. Sauran kwanakin kuwa ba mu da wata hanyar jin juna sai ta bakin matar nan. Duk Juma'ar da na ji katinta, na san tana nan lafiya, ita ma haka.

A farkon daminar shekara ta uku suka zo, ta cike katunanta, suka koma. Juma'ar da aka karanta na farko, sai na ji sunan wata yarinya 'yar garin Shanga a gaban nawa. Mahaifin yarinyar ne ya rasu, duk mun ji sanarwa, ni kaina na sa ta a gaba a katina na makon. Mako na biyu, 'yar Shanga. Mako na uku, ita dai. 'Yan ajinmu suka fara tambayata ko an yi mini ritaya ne. Ni mutum ce mai riƙo tun ina ƙarama, Inna ta sha faɗa mini. Na je shago na sayi kati, na jera mutum tara, ban sa ƙawata ba.

Kaka tana juya kifi aka karanta shi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ina ɗiyar Wara?”

Na ce wuri ne ya cika.

Ta ce, “Katin ga dai ban ji anka rage mai girma ba.” Ta ci gaba da aikinta.

A wannan Juma'ar ce kuma aka karanta katin ƙawata na huɗu, sai ga sunana ya koma farko. Mako na gaba ma haka, da wanda ya biyo baya. Na ɗauka lallashina take yi. Na ce a raina ta ji jiki, to bari ta ƙara ji kaɗan. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe ta zo Yelwa ta rubuta lallashin ba. Da tunanin ya ɗan gifta mini, sai na ce wataƙila wani mai jirgi ta ba saƙo. Tambaya ɗaya zan yi wa mai shago ya gaya mini cewa tun zuwanta na farkon damina ba a kawo kati daga wajenta ba, amma ban yi ba. Daɗin jin sunana a gaba nake ji, da daɗin hana ta jin nata.

Ruwa ya yi yawa a shekarar. Tafkin da muke bakinsa ya cika ya haura gonakin bakin gaɓa, iska tana hana ƙananan jirage doguwar tafiya, saboda haka rashin zuwansu bai ba kowa mamaki ba. Itace ya jiƙe, banda ta yi wuya, batura ma sai a yi kwana biyu ba a samu ranar shanya su ba. Mako biyar tana gaishe ni a farko, mako biyar ina tsallake ta.

Sai wata Juma'a aka gama shiri babu katinta. Na fara jin haushi, daga baya tsoro ya shige ni, kada ta gaji ta cire ni ita ma. Washegari da safe na je na rubuta sunanta a farko da manyan baƙaƙe, na zaɓi waƙar da ta fi so. Mai shago ya karɓa yana murmushi, ya ce an shirya ke nan.

Katin yana kan layi ba a kai ga karanta shi ba, innarta ta zo ita kaɗai. Ta sauke kwandon kifi, ta zauna a tabarma kusa da Kaka, suka gaisa doguwar gaisuwa. Ina tsaye ina leƙen ƙofa ko ƙawata ta biya shago ne. Sannan innar ta faɗa. Zazzaɓi ne, kwana tara, kuma jiya aka yi sadakar arba'in. Ta ce bayan an rufe ta, Juma'a uku suna jin katinta a rediyo. Babanta yakan ɗauki kwalekwale ya shiga ruwa kafin la'asar don kada ya ji, ita kuwa takan zauna ta saurara har ƙarshe.

Ta juyo wajena. Ba da faɗa ba, muryarta a kwance take.

“Tana kwance ma sai da ta sa anka kawo mata rediyo. Juma'a biyu ba ta ji sunanta ba wurinki. Ta ce matar ce ka tsallakewa don lokaci ba shi isa. Haka na, ɗiyata? Ke kin rubuta?”

Na ce, “Na rubuta.”

Ta ce alhamdulillahi, ita ma haka ta zata.

Kaka tana zaune, ta ji tambayar, ta ji amsar. Ba ta ɗago ta dube ni ba, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Na yi kuka ranar, amma kunya ta fi baƙin cikin yawa, kuma ita ce ta fi daɗewa.

Na so in daina sauraron shirin. Juma'ar da ta zagayo na shige ɗaki na ce kaina ke ciwo. Kaka da kanta ta sauko da rediyo, ta kunna, ta kira ni ta ce in zauna. A ranar aka karanta katina mai manyan baƙaƙe, aka sa waƙar. Na zauna na ji har ƙarshe, domin ba a ba ni izinin tashi ba.

Mai shago ya baza labarin rasuwar ga duk wanda ya zo sayen kati. Bayan mako biyu katuna suka fara fitowa, daga Birnin Yauri, daga Ngaski, daga Wara, daga mutanen da ban taɓa gani ba. Kowa ya san ita ce farko a nawa, ni ce farko a nata, saboda haka ni aka ɗauka mai rashi. Kowane kati da sunana yake farawa. Na 'yar Shanga aka fara karantawa. Matar rediyo ta ja sunana yadda na daɗe ina so ta ja shi, ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Wata guda cur ana haka. Ban sake sayen kati ba.

Yanzu shagon kaset ya zama wurin cajin waya, kuma shirin gaishe-gaishe kira ake yi kai tsaye, muryarka ta fita a lokacin da kake magana. Babu gaisuwar da take jiran layi. 'Yan ajina sukan yi fushi idan ƙawa ta ga saƙo ba ta amsa ba kafin a tashi tara, su shirya kafin a tashi gida. Ba na yi musu wa'azi a kai. Nasu ya fi namu sauƙi, ko ba komai suna sanin wanda suke fushi da shi yana raye.

Maigadin nan yana cikin masu kira duk Juma'a. Da ya ga na daɗe a tsaye a kan baturansa, sai ya ɗauka sha'awar shirin nake yi, ya ce in ina so zai sa sunana a gaisuwarsa ta wannan makon, har ma ya fara da ni tunda ni ce babba a makarantar. Na yi masa godiya. Na ce ya sa, amma a ƙarshe.