Abin da Na Tarar a Ɗakin Sani

Ana sallame sallar asuba muka bar Ringim, ni da wata maƙwabciyata, a wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi. Naira biyu-biyu muka biya, ga ramuka ga matsi. Ƙanena da ke aiki a wani kamfanin takalma a Sharaɗa ne ya aiko, wai ɗansa Sani ya haukace, ranar Asabar zai kai shi gidan mari. Yaron shekararsa goma sha uku, uwarsa ta rasu bara.

A Kano muka sake mota zuwa Panshekara, inda ƙanen nawa ke zaune. Warin jimar fata na Challawa ya tare mu tun a hanya, har ƙosan da na saya ya fita raina.

Na tarar da ɗaki a garƙame. Da aka buɗe, ga Sani a rakuɓe, bayansa duk shatin dorina. Uban ya hau zayyana mini laifinsa: ya bar makaranta, ya fasa wa ɗan maƙwabta kai, yana dariya shi kaɗai. An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Shi ya sa in zai tafi aiki yake kulle shi.

Wata nas 'yar Kudancin Zariya da ke haya a gidan ta shigo gaishe ni. Ta sansana rigar yaron, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo gwangwanin sholisho, gam ɗin da ƙanena ke liƙa wa mutane takalma da shi ranar hutu. Shi Sani ke shaƙa. Wata uku ana rufe yaro da abin da ke cin ƙwaƙwalwarsa.

Raina ya ɓaci, na wanke ƙanena tas. Na ce, "Ka san kukan injinka in ya sami matsala. Ɗanka fa, ka taɓa zama ka tambaye shi me ke damunsa?" Ya sunkuyar da kai.

Washegari nas ta raka mu asibiti. Likita ya ce a raba shi da gam, a daina dukansa, kada a bar shi shi kaɗai, a riƙa dawowa da shi duk wata.

Da Sani na komo Ringim, kuma har yau haushin bai sake ni ba. Tafiyar ta nuna mini mun fi saurin ɗora wa aljani laifi da ɗaukar bulala, don sun fi zama da yaro sauƙi. Da muka shiga gida, Sani ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakina, ya ce, "Gwaggo, ke ma in za ki fita kulle ni za ki yi?"