Akwatin Ƙarfen Mzee Wekesa

Mzee Wekesa, wato dattijo Wekesa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin wani kantin kayan gini a Kakamega, kuma ko da ya ajiye kulki bai ajiye halin ba. In ka gaishe shi, hannunka yake fara kallo kafin fuskarka. Mutum ɗaya ya yarda da shi a duniya, wato maƙwabcinsa Shikuku, wanda kullum da safe suke zama a benci ɗaya suna shan shayi da mandazi, wata soyayyar fulawa mai kama da fanke.

'Yarsa Nanjala tana aikin jinya a Doha, can ta haifi 'yarta Nekesa. Ita ta turo wata mai haɗa intanet, Nafula, ta kafa masa na'ura don ya riƙa ganin jikarsa a waya. Nafula ta ɗora na'urar kan kabad, ta cire kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, ta sa doguwa mai wuyar cinka. Kwanakin farko lafiya lau, har Shikuku kan leƙo ya yi wa yarinyar waƙa tana ƙyalƙyala dariya.

Amma tsohon mai gadi ya kasa sakewa. Abu mai daraja a fili, yana ta ƙyafta fitila kamar yana kiran ɓarawo? Ya huda akwatinsa na ƙarfe ta baya, ya zura wayoyin, ya saka na'urar ciki, ya datse da kwaɗo.

Daga ranar hoto ya fara tsayawa. Nekesa za ta buɗe baki, sai ta daskare. Wekesa ya ce ai dama ya sani, wani ne ke zuƙe masa sabis ta bango. Ya sa aka sake kalmar sirri, bai ga canji ba. Sai ya tuna ranar da aka kafa na'urar Shikuku na zaune a wurin, kuma ɗakinsa ne ke manne da nasa.

Da safe a benci Wekesa ya tuhume shi da satar sabis. Shikuku ya fito da wayarsa mai madannai, wadda ko hoto ba ta ɗauka, ya nuna masa.

"Wannan ta nunawa ce," in ji Wekesa. "Ina wadda kake ɓoyewa?"

Shikuku ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya tashi. Bai sake zama a bencin ba.

Da Nanjala ta gaji, ta sake turo Nafula. Nafula ta duba ta ce babu wani baƙo da ya hau sabis ɗin, sannan ta tambayi ina na'urar take. Ya ciro makulli daga wuyansa yana taƙama.

"Haba Baba, ai sabis ba ya ratsa ƙarfe. Kai ka tsare shi da hannunka."

Ana mayar da ita kan kabad hoto ya washe. Nekesa ta leƙo, ta duba bayansa.

"Kaka, ina mai waƙa?"

Kunya ta rufe Wekesa. Washegari ya cika filas da shayi, ya sayo mandazi mai zafi, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa. Matar Shikuku ta buɗe kaɗan, ta ce maigidan ya fita tun asuba.

Wekesa ya sunkuyar da kai. Idon mai gadi ba ya kuskure, ga takalman Shikuku nan a bakin ƙofa, da sandarsa jingine da bango.