Mai Tuta da Jirgin da Bai Isa Ba

Haihuwarsa

An haifi marigayi Mai Tuta a shekarar 1934, a ɗaki na uku cikin gidajen ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa ne mai ba jirgi ruwa, mahaifiyarsa kuwa tana miƙa wa fasinjoji abincin sayarwa ta taga. Karatunsa bai wuce aji uku ba, amma dokokin layin dogo ya haddace su bango zuwa bango.

Aikinsa da iyalinsa

A shekarar 1953 aka damƙa masa tuta biyu da makullin ƙyauren da ke tsare hanya inda ta ratsa dogo. Ƙa'idar wurin ita ce, in jirgi ya tashi ba a buɗewa sai tashar gaba ta bugo ƙararrawa cewa ya isa cikakke, domin layin hawa ne, tarago kan tsinke ya gangaro baya, ba direba ba usur. A 1958 ya auri 'yar mai gyaran dogo, wadda takan ce, "Baban yara, kai ko abinci sai an buga maka ƙararrawa kake ci."

Jirgin ƙarshe

Wata Laraba da hantsi a 1987 jirgin kaya ya tashi, ya rufe ƙyaure, ƙararrawa ba ta zo ba. Daga baya aka ji ashe an sallami ma'aikatan tashar gaba tun Litinin. Shugaban tasharsu ya kwashe iyalinsa, aka kwance wayoyi, ƙwari suka ci katakon benci, shi kuwa kullum yana bakin ƙyaure da jar tuta. Duk wanda ya roƙe shi, amsarsa ɗaya: "Ba a ce mini ya isa ba." Dole jama'a suka koma zagayawa ta ƙarƙashin gada, tafiyar sa'a guda.

A 1996 maiɗakinsa ta rasu, maƙabarta kuwa tana ƙetaren dogo. Babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, minti biyu ne." Ya ce, "Tarago ma minti biyu ne." Aka zagaya da ita cikin rana, yana biye yana waiwayen layin. Ɗan bai ƙara taka gidan ba.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa ranar Asabar, a damina ta 2009. Masu wanka suka sami makullin rataye a wuyansa, suka ba babban ɗan, wanda ya rantse ta ƙyauren za a wuce da gawar. Da azahar aka iso da makara. Yana zura makulli, awakin da ke kwance a kan dogo suka miƙe lokaci ɗaya suka koma gefe, ƙarfen da tsatsa ta cinye ya ɗauki ɓari, ciyawar tsakiyar layi ta kwanta ta fuskar gangare. Ba wanda ya ga komai. Ɗan ya zare makullin, aka juya da makara ta ƙarƙashin gada.

Ya bar 'ya'ya huɗu: tela, ungozoma, malamar makaranta, da babbansu, direban babbar mota, wanda ya ajiye tuƙi ya dawo ɗaki na uku. Makullin yana wuyansa. Allah ya jiƙan magabata.