Bidiyon da Ke Riƙe da Saba

Yayana gyaran kwamfuta yake yi, amma samarin unguwa Mai Saba suke ce masa, har ni ma bakina ya kama. A ƙuryar shagonsa akwai wani ɗaki da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ba taga, sai fanka mai ƙara. Nan ya ajiye tsohuwar kwamfutar da suke kira saba, wadda ke haɗa masu wasan harbe-harbe, na cikin shagon da masu shigowa daga gidajensu. Shagona na ɗaukar hoton takardu a jikin nasa yake, bango ɗaya muka raba, don haka duk abin da aka yi a can a kunnena ake yi.

Da gyaran agogo ya fara, a gefen teburin mahaifinmu. Da mutane suka daina kawo agogo gyara ya koma rediyo, daga rediyo ya faɗa kwamfuta. Ba ya son magana. In ka gaishe shi sai ya gama ɗaure noti kafin ya amsa. Matarsa ce bakinsa, ita ke yi masa ciniki, ita ke yi masa faɗa da maƙwabta. Da ta rasu, gidan ya yi tsit har ba daɗin shiga.

Abin da ya rage masa na muryarta wani ɗan guntun bidiyo ne da ya ɗauka da waya. Tana shanya a tsakar gida, tana ce masa ya ajiye wayar ya zo ya kama mata zanin gado. Shi ke nan. Amma Yaya sai ya wuni a kansa, abinci ya huce a gabansa, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Ni da 'yarsa, wadda muke ce wa Injiniya, muka tsare shi sai da ya yi alkawarin daina kallonsa a gida. Ya kuwa cika alkawari, a gida.

A lokacin saba na ba shi wahala. Mai wasa zai ɓuya bayan bango, sai ya ga an harbe shi a inda ya riga ya bari. Jan ƙafa suke kiran abin, kuma ba sa yafe shi. Yaya ya canza wayoyi, ya ƙaro ƙarfin intanet, a banza. Samari suka fara zamewa zuwa wani wuri.

Wata rana da hantsi ya shige ƙuryar, ya ja ƙofa, ya kunna bidiyon a kan saba don kada in gani. Ihun da ake yi a shago ya tsaya. Wani ya ɗaga murya: "Mai Saba, me ka taɓa? Wasa na tafiya sumul kamar ruwa." Ya kashe, jan ƙafa ya dawo. Ya kunna, ya tafi.

Da na ji muryar marigayiya ta bango na je na same shi, raina a ɓace.

"Yaya, alkawarin ke nan?"

"Aiki ne," in ji shi. "Zauna ki ji. Wasan nan zagaye yake yi. Ya duba inda kowa yake, ya sanar da kowa, sai ya ɗan rintsa ya ce wa babbar manhajar kwamfuta ta tashe shi yanzun nan. Ita kuma ba ta tashin kowa sai agogonta ya buga, agogon kuwa sau sittin da 'yan kai yake bugawa a sakan, don tattalin wuta. Sai wasa ya makara. Amma in aka buɗe bidiyo, manhajar bidiyo kan sa agogon ya riƙa bugawa sau dubu, kowa ya amfana."

Tun rasuwar ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

"To ka sa bidiyon wasan ƙwallo mana," na ce.

"Wannan ne a kusa."

Haka bidiyon ya riƙa juyawa daga buɗe shago zuwa rufewa, murya ƙasa-ƙasa, har shekara ta zagayo. Samari suka dawo har da abokansu, kuma duk wanda ya shiga ƙuryar ya san ba a taɓa shi. Yaya ya ɗan yi ƙiba, ban musa ba. Amma ni abin yana ci min rai. Mutum ba zai ƙare rayuwarsa yana gadin igiyar shanya ba.

Da Injiniya ta gama karatun haɗa manhaja ta dawo, na zayyana mata komai. Ta yi dariya.

"Gwaggo, ai ba sai da bidiyo ba. Akwai 'yar ƙaramar manhaja da ke roƙon agogon ya yi sauri kai tsaye. Kafin ki sha ruwa na gama."

"To ki gama yau."

Bayan azahar ta shiga shagon, ina biye da ita. Ta ce, "Baba, zan duba saba." Bai hana ta ba. Ya ɗauki kujerarsa ya fita bakin ƙofa ya zauna, ya ba mu baya, yana juya sukudireba a hannu. Na ji tausayinsa, amma na daure.

Ta zauna ta buɗe jerin abubuwan da ke aiki a cikin kwamfutar. Ta daɗe tana kallon wuri ɗaya. Sai ta dakatar da bidiyon, ta kasa kunne. A shago ana ta wasa, ba wanda ya yi ƙorafi.

"Har kin sa?" na tambaye ta.

"Ban sa komai ba, Gwaggo." Ta nuna min wani layi da yatsa, ta rage murya. "Ga manhajar nan tana aiki. Tun bara aka saka ta."

"Wa ya saka?"

Ta waiwaya ta dubi bakin ƙofa, inda Yaya yake zaune. Na buɗe baki zan kira shi, ta riƙe min hannu gam, irin riƙon da ba ta taɓa yi min ba. Ta sake kunna bidiyon, ta ɗan ƙara murya, ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta fita wurinsa.

Bai juyo ba. "An gama?"

"Na duba, Baba," ta ce. "Wannan sabar tsohuwa ce, gyarana ba zai hau kanta ba. Kada ka bari kowa ya kashe bidiyon nan."

Ya ɗaga kai ya dube ta, ita ma ta dube shi. Ya san ta gani.

"To," in ji shi. "Ke kika yi karatun."