Tarin Babur ɗin Baba

Baffana bakanike ne, kuma in ka cire kafireta, wato mahaɗar mai da iska a inji, daga duniya ban san abin da zai yi hira a kai ba. Babur zai wuce a titi, yana tsakiyar cin abinci, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan mai ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan." Wa ya tambaye shi? Shagonsa ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, da kwanon fetur da yake jiƙa ƙananan ƙarafa a ciki. Jet kuwa, ɗan ƙarfen nan mai hudar da mai yake bi, da bakinsa yake hura shi, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya.

Babur ɗaya ne ya gagare shi, na wansa, wato Babanmu. Tsohon babur ne mai nauyi, ya girme ni. Duk yamma in Baba ya karyo kwanar layinmu ya sassauta mai, sai babur ɗin ya yi tari, ya shaƙe kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Da wannan tarin Inna, mahaifiyarmu, take miƙewa ta ɗora ruwa.

"Yaya, allurar kafiretar nan ta cinye," in ji Baffa, shekara da shekaru. "Abin kunya ne a ce ƙaninka bakanike."

"Ya taɓa yar da ni a hanya? To bar min kayana."

Da Baba ya rasu, babur ya zauna jikin bango har fetur ya daskare a cikinsa. Idon Inna ya yi rauni, ta rage magana. Wata rana Baffa, wanda shi ne autan gidansu, ya zo gaishe ta, ta ce, "Auta, ina ma in sake jin kukan babur ɗin nan."

Wayyo, murna! Ranar da ya daɗe yana jira kenan. Ya tura babur ɗin har shago, ya warware kafireta, ya wanke ta tas, ya buɗe jet ɗin da ya toshe, ya daidaita fulot mai auna yawan mai. Tsohuwar allurar kuwa ya wurga ta cikin shara, ya sa sabuwa. Da yamma ya hau, ya karyo kwanar layinmu, ya sassauta mai. Inji ya yi lumui, ko gyaran murya babu. Ya shigo yana washe baki.

Inna ta juyo da kunnenta ta ce mini, "Baƙo muka yi ne?"

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ni ma haushi ya kama ni, na ce, "Baffa, tarin fa take nema." Ya koma shago neman tsohuwar allurar a shara, amma masu kwasa sun riga shi.

Tun daga nan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara ya koma neman yadda zai ɓata. Yana bin abokan sana'a yana roƙon tsofaffin allurai, suna yi masa dariya. Ya goge sabuwa da sanfefa don ta cinye. Duk ƙarshen mako yana zuwa ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna da sukurdireba a hannu, ita tana kwaikwayon tarin da bakinta, shi yana murɗa sukurun iska kaɗan-kaɗan. Babur ya yi atishawa, ya yi hayaƙi, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya.

"Ka kusa, Auta," take cewa. "Sai wani makon."

Ni ma ina kewar tarin nan, wallahi har cikin raina, kuma kunnena bai ji ya kusa ba. Rannan bayan ya tafi na kasa haƙuri.

"Inna, da gaske ya kusa?"

"Ina! Ko hanyar bai kama ba. Allurar nan ta tafi kenan."

"To ki gaya masa mana, ya huta. Gwiwarsa ciwo take."

Ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"In na gaya masa zai rage zuwa. Ke ba ki ji ba? In ya yi sallama daga ƙofa, muryar babanki ce sak."