Kazar Malam Rabo Ta Taka, Baraka Ba Ta Taka Ba

Baraka mai man gyaɗa ba ta gaisuwa a tsaye. Ko da tulu a kanta, sai ta sauke, ta durƙusa har ƙasa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Duk Damari an san ta da haka. An kuma san shekara uku da suka wuce ta yi wata guda a Zariya ta dawo a rame, sai dai ba wanda ya tambaya. 'Yarta Hamida kaɗai ta san an cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji, ta kuma san likita ya ce ta riƙa komawa duk wata uku.

"In koma in yi me?" in ji Baraka. "Abin da aka yanke aka binne ai ya wuce. Ki kama bakinki."

Hamida ta kama. Da bayan uwar ya fara ciwo aka ce sanyi ne, aka kira wanzami ya yi ƙaho.

Ranar wata Laraba da hantsi, Baraka ta gamu da yayan mijinta a ƙofar gida. Ta durƙusa kamar kullum, sai aka ji ƙas, kamar an karya kara. Ba ta faɗi ba, ba abin da ya buge ta. Cinyarta ce ta karye a durƙushe. Dattijon ya tsaya da hannu a miƙe.

Aka ɗauko Malam Rabo maɗori, wanda ya gaji ɗori kaka da kakanni. Ya shafa, ya ja, ya jera kara ya ɗaure. Sannan ya yi yadda gidansu ke yi: ya karya ƙafar kaza, ita ma ya ɗaure.

"Ranar da wannan ta taka, kin taka," ya ce. "Ki dai rage gaishe-gaishen nan, Baraka, kin ga inda ladabi ya kai ki."

Har ita sai da ta yi dariya. Hamida ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta dube ta, sai ta fasa.

Kwana ashirin, kaza ta taka. Kwana arba'in, tana tono a bola. Malam Rabo ya kwance ɗorin, ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Ya sake taɓawa. Ya fita zaure ya sa aka kira Hamida.

"Ɗiyata, shekara arba'in ina taɓa ƙashi, ban taɓa jin irin wannan ba. Bai ko fara kamawa ba. Me kuka ɓoye mini?"

Ta faɗa masa, kanta a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Wannan ba nawa ba ne. Ku tafi asibiti gobe."

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙashin a jikin taga. Hamida ta ga ramuka, a cinya, a ƙugu, a gadon baya.

Hamida ta ce, "Amma likita, a ƙirji ciwon yake. An cire."

"An cire wanda aka gani. Wasu ƙwayoyin sun riga sun bi jini sun sauka a ƙashi. Kin ga ƙashi kamar katangar ƙasa yake: kullum akwai masu kankare tsohon yaɓe, akwai masu sa sabo. Ciwon nan shi ke zuga masu kankara su yi ta yi ba tsayawa. Abin da suka kankaro kuma shi yake ci ya ƙara ƙarfi."

"Wato jikinta ne ke ciyar da shi?"

"Jikinta ne. Tun yaushe bayan ke ciwo?"

Hamida ta ƙirga damina biyu a zuci. 

An ba da magani, zafin ya ragu, aka dawo gida. Baraka ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Ba ta zargi kowa ba. Wata safiya dai, Hamida na ba ta kunu, ta ture kofin.

"Bara Shafa'atu ta nuna mini wani ƙullutu a hammatarta."

Shafa'atu ƙanwar Baraka ce, tana aure a Sheme. Hamida ta ajiye kofin.

"Inna! Me kika ce mata?"

"Na ce ta rufe, kar mijinta ya ji."

"Bari in kira ta yanzu."

"A'a. Ba za ta ji naki ba. Ni na ɗaura mata, ni zan kwance. Ku nemo mota ranar Juma'a, ku kwantar da ni a baya."

Aka yi magana da direba, aka fitar da katifa aka shanya. Ranar Alhamis da la'asar Baraka ta cika. Shafa'atu ta iso zaman makoki da mayafi naɗe har wuya, Hamida na kallonta daga bakin ƙofa.